Kan rikicewar bugun zuciya: gishirin jini da magungunan da ake tarawa juna

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba mu ɗan fili a jaridarka mu yi magana a kan irin mutuwar da ake rufe zancenta da cewa "yanke jiki ya yi ya faɗi". Ajali na Allah ne, wannan babu ja. Amma sababi yana da suna, kuma sau da yawa sunansa rikicewar bugun zuciya. A nan Kebbi abubuwa uku ne suka fi haɗuwa su jawo shi: zubewar gishirin jini, magungunan da ake sha a haɗe ba tare da an duba ko suna jituwa ba, da tabon da hawan jini ke bari a naman zuciya. Da wuya ɗaya daga ciki ya kashe mutum shi kaɗai. Sai sun taru a kansa, kuma raba su bai kai tsadar jinyarsu ba.

Zuciya da lantarki take bugawa, amma lantarkin nan ba na waya ba ne. A saman ɗakinta na dama akwai wani ɗan dunƙule, tsawonsa bai wuce santimita 2 ba, wanda ke kunna bugu sau 60 zuwa 100 a minti. Saƙon yana bin ɗakunan sama, ya ɗan dakata a mahaɗar tsakiya kamar kashi ɗaya cikin goma na sakan domin jini ya gama sauka, sannan ya bazu a ɗakunan ƙasa masu tura jini zuwa huhu da sauran jiki. Abin da ke ɗaukar saƙon daga ƙwayar tsoka zuwa ƙwaya gishiri ne iri uku, sodiyam da kalsiyam da potasiyam, masu shiga da fita ta wasu ƙananan ƙofofi a fatar kowace ƙwaya.

A cikin ƙwaya potasiyam ya kai kimanin milimol 140 a lita, a jini kuwa 3.5 zuwa 5.0 kacal. Wannan tazara ce ke riƙe cajin lantarkin ƙwaya a kan milibolt 90 ƙasa da sifiri lokacin da take hutu. Da saƙo ya iso, ƙofar sodiyam ta buɗe ta rufe cikin ƙiftawar ido, ƙwaya ta kunnu. Sai ƙofar kalsiyam ta buɗe, ɗan kalsiyam ɗin da ya shigo ya taɓa wata ƙofa ta ciki mai suna RyR2, ita kuma ta saki kalsiyam mai yawa daga rumbun ƙwayar, tsoka ta matse. Daga nan ƙofofin potasiyam su buɗe, ya fita, ƙwaya ta huce ta koma hutu. Duk wannan cikin milisakan 300 ko kusa da haka. A bayan fage kuma akwai famfo, kamar injin ban-ruwa a fadama, da ke fitar da sodiyam 3 ya shigo da potasiyam 2 a kowane juyi, kuma ba ya aiki sai da magniziyam.

Inda matsala ta fi faruwa shi ne wurin hucewar. Babbar ƙofar potasiyam da ke wannan aiki sunanta hERG. Cikinta na da faɗi, kuma ƙirarta ta sa magunguna iri-iri da ba su da alaƙa da zuciya suke shiga su maƙale. Idan ta toshe, ƙwaya na daɗewa ba ta huce ba, ƙofar kalsiyam ta sake buɗewa ba a lokacinta ba, sai bugu na biyu ya hau kan na farko. Idan wannan ya kama ɗakunan ƙasa, zuciya na gudu sama da 200 a minti ba tare da tura jini ba. Wani likitan Faransa, François Dessertenne, ya siffanta shi a 1966, kuma a asibiti ana kiransa tosad. Mai shi kan suma cikin 'yan sakanni, wani lokaci har da fizge-fizge. In ya warware da kansa sai ya farka garau, shi ya sa ake ce masa farfaɗiya ko iskokai. In bai warware ba, mutuwa ce cikin mintuna.

Mutum zai yi zaton in potasiyam ya ragu a jini zai fi saurin fita daga ƙwaya. Akasin haka ne ke faruwa. Ƙofar hERG rufewa take da wuri, yawanta a fatar ƙwaya na raguwa, kuma magunguna sun fi kama ta. Saboda haka ƙwayar maganin da mutum ya sha lafiya bara tana iya kayar da shi bana, don kawai ya kwana biyu yana gudawa.

Amai da gudawa su ne babbar hanyar zubewar potasiyam a wajenmu. A annobar kwalara ta 2021, wadda Kebbi da Zamfara da Sakkwato ke cikin jihohin da ta shafa, an lissafa sama da mutum 100,000 da ake zargin sun kamu a faɗin ƙasa. Gudawar kwalara na fitar da potasiyam kimanin milimol 15 zuwa 30 a kowace lita, yara sun fi zubarwa. Ruwan gishiri da sukari na gida, wato lita 1 ta ruwa mai tsabta da sukari cokalin shayi 6 a shafe da gishiri rabin cokali, yana ceton rai, amma babu potasiyam a cikinsa ko kaɗan. Na ƙunshi, ORS, yana da milimol 20 a lita. In an samu na ƙunshi shi za a ba, a karanta jikinsa don wani na lita 1 ne wani na rabin lita, a zubar da abin da ya kai awa 24. In na gida kawai ake da shi, a haɗa da ayaba ko ruwan lemo. Haka abin yake ga ƙarin ruwa. Ledar ruwan gishiri zalla ba ta da potasiyam, ta ruwan da ake kira Ringa tana da milimol 4 zuwa 5 a lita, wanda bai isa mayar da abin da ya zube ba. Da mara lafiya ya iya haɗiya a fara ba shi ORS, ko da ruwa na tafiya a jijiya. Wanda aka ɗura wa leda biyar ko shida ta ruwan gishiri zalla a ɗakin wani kemis idonsa zai ciko, 'yan uwa su ce ya samu sauƙi, alhali an ƙara tsinka ɗan potasiyam ɗin da ya rage masa.

Hanya ta biyu magungunan fitsari ne, Lasix da waɗanda ake ba masu hawan jini, masu fitar da potasiyam da magniziyam tare. Abin da ake yawan mantawa shi ne in magniziyam ya yi ƙasa, ƙoda ba ta iya riƙe potasiyam, ko nawa aka ba mutum zai fitsarar da shi, sai an gyara magniziyam tukuna. Mai shan irin wannan magani ya kamata a auna masa gishirin jini mako ɗaya ko biyu bayan farawa ko ƙara adadi, sannan lokaci-lokaci. Ranar da amai ko gudawa suka kama shi ya dakata da maganin fitsarin ya nemi likita. Kafin azumi, musamman in ya faɗo cikin bazara lokacin da zafin Birnin Kebbi ke haura digiri 40, ya je a daidaita masa adadi da lokacin sha. Yaro mai tamowa shi ma jikinsa a ƙarance yake da potasiyam da magniziyam, kuma kumburinsa ba na Lasix ba ne, ba shi wannan magani na iya kashe shi.

Yanzu magungunan da ke toshe ƙofar hERG. Na maleriya akwai kwinin da kulorokwin da Halfan, wanda ya fi su haɗari kuma bai kamata a ƙara ganinsa a kan kanta ba. Na ƙwayoyin cuta akwai eritromaisin da kilaritromaisin da azitromaisin da dangin sipro. Na amai akwai domperidon da ondansetiron. Na taɓin hankali akwai haloperidol da Largactil. Ga fulukonazol na sanyin mata. Kowannensu magani ne mai amfani, ba mu ce a guje su ba. Abin tsoro shi ne ƙullin da ake yi wa mai "maleriya da taifot": na zazzaɓi, da sipro, da na amai, duk a leda ɗaya, ga wanda ya kwana uku bai riƙe abinci ba. Eritromaisin da kilaritromaisin da fulukonazol suna da ƙarin laifi, suna rage wa hanta saurin narkar da wasu magunguna, sai adadinsu ya hau a jini. Mata sun fi shiga haɗari don dama zuciyarsu ta fi jinkirin hucewa, sai tsofaffi, da masu ciwon ƙoda ko hanta, da wanda bugunsa ke ƙasa da 50. Kada kuma wani ya fake da wannan ya hana yaransa maganin rigakafin maleriya na damina, ko ya yanke maganin maleriya na kwana uku. A adadin da aka tsara su amfaninsu ya rinjayi haɗarinsu nesa ba kusa ba.

Kwinin na jijiya na da ƙa'ida. Ba a taɓa tura shi kai tsaye da sirinji. Adadin farko miligiram 20 ne ga kowane kilo na nauyin jiki, a cikin ledar ruwa, ya ɗiga tsawon awa 4, sannan miligiram 10 ga kilo duk awa 8. Yana kuma saukar da sukarin jini. Inda akwai allurar artesunet ita ce gaba a maleriya mai tsanani, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara.

Ana ganin jinkirin hucewar nan a takardar ECG, wato gwajin da ke zana lantarkin zuciya, a tazarar da ake kira QT. Kowane ƙaramin gida a takardar milisakan 40 ne. Bayan an daidaita da saurin bugu, iyakar namiji 450 ce, ta mace 460, abin da ya haura 500 kuwa alamar tsayawa ce. Ma'aikacin da ba shi da lokacin lissafi ya duba ko QT ta wuce rabin tazarar da ke tsakanin bugu biyu. In ta wuce, kuma bugun na tsakanin 60 da 100, ya auna da kyau kafin ya ƙara wani magani.

Akwai silsilar da ta fi damunmu, ta masu jego. Raunin zuciya bayan haihuwa ya fi yawa a arewa maso yammacin Najeriya fiye da yawancin sassan duniya. Tun shekarun 1970 likitocin Zariya suka rubuta a kansa, suka danganta yawansa da kunun kanwa da wankan jego da kwanciya a kan gado mai wuta. Sunan da ake kiran kanwa da shi a Turanci, potash, ya sa wasu ke zaton potasiyam ce, alhali mafi yawanta sodiyam ne, mai tara ruwa a jiki ya ɗora wa zuciya mai rauni kaya. Mai jego ta zo da haki da kumburin ƙafa da tari in ta kwanta, a ba ta Lasix da maganin zuciya digoksin, ta koma ƙauye ba a sake auna jininta ba. Digoksin aikinsa rage gudun famfon nan na sodiyam da potasiyam, sodiyam ya ɗan taru, ya sa kalsiyam ya taru, tsoka ta ƙara ƙarfin matsa. To shi da potasiyam wuri ɗaya suke takara a jikin famfon. Da Lasix ya zubar da potasiyam, digoksin ya samu fili, rumbun kalsiyam ya cika ya riƙa yoyo tsakanin bugu, kowane yoyo na iya kunna bugun da ba a kira ba. Alamomin gubarsa su ne tashin zuciya, ƙin abinci, amai, ganin abubuwa rawaya-rawaya, da bugu mai tsallake. Duk mai shan digoksin da ya ga haka ya tsaya da shi ya tafi asibiti a ranar. Tumfafiya na ɗauke da sinadarai dangin digoksin, don haka jiƙon da aka sa ta a ciki ba abin wasa ba ne, balle ga mai shan maganin zuciya.

Yawan potasiyam shi ma kisa yake. In ya haura 6.0, balle 6.5, ƙofofin sodiyam na kasa sake shiri, saƙo ya yi ta jan ƙafa har ya tsaya. Mai raunin ƙoda da ke shan magungunan hawan jini lisinofiril da sipironolakton, sannan ya ƙara da diklofenak don ciwon jiki bayan aikin gona, shi ne ya fi faɗawa nan. Shawarar cin dabino da ayaba don ƙarin potasiyam ba tasa ba ce sai likita ya yarda. Su kuma masu ɗakin gwaji su kula, sakamakon kan hau na ƙarya in an daɗe da ɗaure hannu, ko an sa mutum ya yi ta dunƙule yatsu, ko an ja jini da ƙarfi ta siririyar allura, ko an bar shi sa'o'i ba a raba ruwansa da ƙwayoyinsa ba, ko an sa shi a firij haka nan, ko ya gauraya da na kwalba mai shunin murfi wadda ita kanta potasiyam ke cikinta. Jinin da aka ɗauka a Kamba ko Zuru da safe, aka auna a Birnin Kebbi da la'asar ba a tace ba, yana iya nuna 4.5 ga mutumin da nasa 3.0 ne.

Nau'in rikicewar bugu da ya fi yawa ga manya shi ne karkarwar ɗakunan sama. Hawan jini na shekaru yana miƙe bangonsu, sinadarin anjiyotensin ya sa tabo ya ratsa tsakanin ƙwayoyin tsoka, gadojin da ke haɗa ƙwaya da ƙwaya su lalace, saƙo ya riƙa kewaya tabo yana komawa inda ya fito, har sau 350 zuwa 600 a minti. Ɗakin ba ya matsewa, jini ya kwanta ya daskare, gudan ya tafi ƙwaƙwalwa. Yana ninka haɗarin shanyewar ɓarin jiki kusan sau biyar. Ga matasa, musamman mata, sababin kan zama ƙofar da jini ke bi tsakanin ɗakunan zuciya, wadda ta tsuke sakamakon ciwon maƙogwaron yarinta da ba a yi wa magani ba. Allurar benzatin penisilin guda ɗaya, ko amoksisilin na kwana 10 cur, ita ce rigakafin, kuma wanda ciwon ya riga ya taɓa wa zuciya yana karɓar allurar duk mako 3 zuwa 4. Gano karkarwar ba ya buƙatar na'ura da farko. A ɗora yatsu biyu a wuyan hannu ta gefen babban yatsa, a ƙirga minti guda cikakke. In bugun ba shi da tsari sam, kamar ɗigar ruwa daga indararo bayan an ɗauke sama, a je a yi ECG. Asfirin bai isa kariya ba. Mai tsukakkiyar ƙofa warfarin mai hana jini daskarewa ne maganinsa, tare da gwajin INR, mai auna saurin daskarewar jini, ya tsaya tsakanin 2 da 3, kuma wani babban bincike da aka wallafa a 2022 ya nuna ya fi sabon maganin ribaroksaban a wannan rukuni. Mace mai shan warfarin ta sanar da likita tun kafin ta ɗauki ciki, yana cutar da ɗan tayi.

Rigakafin wannan tabo shi ne a riƙe hawan jini ƙasa da 140 bisa 90, a sha magani kullum ba sai kai ya yi ciwo ba. Gishirin yini kada ya wuce giram 5, ƙasa da cokalin shayi ɗaya, kuma a lissafa da dunƙulen magi, wanda kusan rabin nauyinsa gishiri ne. Daddawa da albasa da tattasai na rage buƙatarsa. Mai lafiyar ƙoda yana buƙatar potasiyam aƙalla miligiram 3,510 a yini, kuma yana nan a wake da dankali da alayyaho da zogale da kuka da tumatir da nono. Magniziyam na cikin gero da dawa da gyaɗa da riɗi, mafi yawansa a dusa, don haka surfe mai yawa da farar shinkafar inji na tafiya da shi. Goro da shayi daidai misali ba su ne matsala ba ga yawancin mutane. Taba, giya, taramol da lemon ƙarin kuzari gwangwani bayan gwangwani su ne. Faɗuwar gaba kuma ba duka ce ciwon zuciya ba, ƙarancin jini da zazzaɓi da ciwon maƙoƙo da damuwa duk suna sa ta. Wadda ta zo da suma, ciwon ƙirji ko haki ita ce ta gaggawa.

Wasu da lalurar aka haife su. Kimanin mutum 1 cikin 2,000 yana gadon ƙofar gishiri mai naƙasa da ke tsawaita QT, kuma a 1995 da 1996 aka gano manyan ƙwayoyin gadon uku. Mai naƙasar KCNQ1 kan suma wurin gudu ko iyo, mai ta KCNH2 in an firgita shi da ƙara ko bayan haihuwa, mai ta SCN5A cikin barci. Yaron Argungu ko Yawuri da ya iya ruwa kamar kifi, amma ya nutse a wurin da bai kai masa ƙirji ba, ya kamata a yi wa iyayensa da 'yan uwansa ECG, domin kowane ɗa na da rabin yiwuwar gado. Akwai nau'in da ke zuwa da kurumta tun haihuwa, wanda aka fara siffantawa a Norway a 1957. Sai uwa da uba duka suna ɗauke da shi yake fitowa, shi ya sa ya fi bayyana a auren zumunci. Yaro kurma mai yawan suma a duba zuciyarsa kafin a ɗora shi a kan maganin farfaɗiya. Furofuranolol, mai araha, yana kare da yawa daga cikinsu, muddin ba a yanke shi farat ɗaya ba. Wani bincike na 2002 kuma ya gano wani sauyi a SCN5A a jikin kimanin kashi 13 cikin 100 na baƙaƙen fatar Amurka, waɗanda asalin yawancinsu Afirka ta Yamma ne. Shi kaɗai yawanci ba ya komai, sai potasiyam ya faɗi ko an sha maganin da ke toshe hERG.

In mutum ya faɗi, ba ya amsawa, ba ya numfashi daidai, ba lokacin yayyafa ruwa ko tura cokali a baki ba ne. A kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri, a ɗora tafin hannu ɗaya kan ɗaya a tsakiyar ƙirji, a danna zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti, ana karɓar juna ba tsayawa. Duk mintin da ya wuce ba a yi komai ba, damar tsira na raguwa da kashi 7 zuwa 10 cikin 100. Ɗan ƙwallon Najeriya Samuel Okwaraji ya faɗi a filin wasa na Surulere a Legas a watan Agustan 1989 bai tashi ba. Ɗan ƙwallon Denmark Christian Eriksen ya faɗi a 2021, aka danna ƙirjinsa aka buga masa na'urar farfaɗo da zuciya a nan cikin fili, ya koma buga ƙwallo.

Roƙonmu ga Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Kebbi shi ne kowane babban asibiti ya samu na'urar ECG mai aiki da takardarta, da na'urar auna gishirin jini da ke ba da sakamako a ranar, da na'urar farfaɗo da zuciya a ɗakin gaggawa, a kuma koya wa ma'aikata auna QT. Ƙungiyar masu kemis ta ja kunnen 'ya'yanta su riƙa tambayar mai saye me yake sha, kuma ko yana amai ko gudawa, kafin su ƙulla masa leda. Potasiyam na jijiya a kulle shi daban da sauran allurai, don tura shi kai tsaye na tsayar da zuciya nan take. A jijiyar hannu kada ya wuce milimol 40 a lita, kada kuma ya wuce milimol 10 a awa in babu na'urar sa ido. Maganin tosad na farko kuwa yana nan a ɗakin haihuwa, shi ne magniziyam salfet da ake ba mai jijjiga: giram 2, wato mililita 4 na mai ƙarfin kashi 50, a tsinka shi a ba ta jijiya, a tsayar da maganin da ya jawo, a ɗaga potasiyam zuwa 4.5 ko 5.0. A ajiye kwalba biyu ko uku a ɗakin gaggawa da ɗakin maza, kada sai an aika a nemo mai riƙe da makullin ɗakin haihuwa.

Mun gode, Malam Edita. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.

Daga wasu likitoci da masu harhaɗa magunguna,
Birnin Kebbi, Jihar Kebbi.